Kyamarar Baba da fim uku

Tun daren Juma'a da na saka hoton dattijon nan mai farar hula zaune a bakin ƙofa, saƙonni ba su daina shigo min ba. Tambayar kusan ɗaya ce: wace kyamara ce, nawa ka saya, a ina ake samu? Wani ma cewa ya yi in ji tsoron Allah in faɗa masa manhajar da na gyara hoton da ita. To ga amsa ga kowa lokaci ɗaya. Rubutun da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi ya dawo daga baya.

Dattijon mahaifina ne, kyamarar ma tasa ce. Yashica FX-3 ce mai cin fim, irin wadda aka fara fitarwa a 1979, da gilashinta na 50mm. Fatar jikinta duk ta ɓare, igiyar ratayawarta ma ta wata tsohuwar jaka ce aka ɗaura mata. Da ita Baba ya ci da mu shekara da shekaru a Sabon Ibadan. Suna, biki, saukar karatu, hoton Sallah, babu gidan da bai shiga da ita ba. Da waya mai kyamara ta shiga hannun kowa sai kasuwa ta mutu, ya naɗe ta a tsumma ya jefa cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Daga baya yana ta fara rufe masa ido. Yanzu idan ka tsaya a gabansa, da murya yake gane ka.

Ni kuwa gaskiya ban taɓa ɗaukar kyamarar nan a bakin komai ba. Sai bara, ina aji uku a Jami'ar Ibadan, yayin fim ya shigo makaranta. Wani ɗan ajinmu daga Legas ya dawo hutu da Leica M6 da kawunsa ya kawo masa daga Ingila. Da na duba kuɗinta a intanet sai da na ajiye wayar, dala dubbai ake magana. Hotunan da yake ɗauka a gindin hasumiyar Trenchard kuwa, launinsu kaɗai ya isa ya hana ka barci. Nan na tuna da akwatin Baba. Ranar Asabar na hau Micra daga bakin get, ta Sango zuwa Mokola, na taka na shiga Sabo. Baba bai yi musu ba. Cewa kawai ya yi, "Auta, zauna in nuna maka." Na ce Baba sauri nake, ai komai yana YouTube. Ya yi shiru ya miƙo min.

Na sayi Kodak Gold 200 ɗaya da batiri biyu ƙanana irin na agogo. Kuɗin fim ɗin da na wanki da na aikawa Legas, idan aka haɗa, ya kai abincina na sati guda cur. Kuma maimakon in fara gwaji da bishiya ko bango, sai na kai shi wurin da ba a maimaitawa. Yayyenmu na aji huɗu, 'yan Sabo da 'yan Arewa da muke ɗaki kusa da juna a Sultan Bello, za su rubuta jarrabawar ƙarshe su fito da fararen riguna a yi ta rubutu a jiki da maka. Na bugi ƙirji na ce kada kowa ya biya mai hoto, ni zan yi musu na fim, irin wanda jikokinsu za su gani. Ɗaya daga cikinsu har mahaifiyarsa ta taso daga Shagamu don wannan rana.

Bayan sati biyu hotuna suka shigo ta WhatsApp. Wallahi sai da na zauna a bakin gado. Cikin 36, biyar ne kawai za ka iya nuna wa mutum. Riguna sun fito toka-toka, fuskoki sun dushe kamar an shafa gawayi, ga wani jan ratsi kamar harshen wuta ya keto ta gefen kusan kowane hoto. A hoton wancan ɗan'uwa da mahaifiyarsa, ratsin a kan fuskarta ya sauka. Bai yi min faɗa ba. Cewa ya yi, "Ba komai, Allah bai nufa ba," kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Abokan ɗakina kuwa sun samu abin yi, kullum sai an tambaye ni ina kyamarar kakana.

Nan take na yanke hukunci: laifin kyamara ne. Tsohuwa ce, mai araha ce, dole ta ba da hoto mai araha. Ina da 'yan kuɗin da na tara don furojet ɗin aji huɗu, na fara lissafin in sayar da Yashica in haɗa da su in sayi wadda ta amsa sunanta. Na kai ta wurin wani mai sayar da tsofaffin kaya a Dugbe, ya juya ta ya yi min tayin da ko fim biyu ba zai saya ba. Raini ne ya hana ni sayarwa, ba hankali ba. Daga nan na wuce gida in mayar wa mai ita.

Baba yana kan tabarma bayan la'asar. Na zayyana masa komai, na ƙare da cewa kyamarar ta mutu. Tambayar farko da ya yi min ita ce, "Ina nagetif ɗin?" Allah ya taimake ni masu wankin sun haɗo min da shi, yana cikin jakata ko buɗe shi ban yi ba. Ya ce in ɗaga shi sama saitin haske, tunda shi ba ya gani, in zama idonsa.

"Rubutun da ke gefe, wajen ƙananan hujojin nan, ya fito baƙi sosai ko ya kwashe?"

Na ce ya fito raɗau, ina karanta Kodak da lambobi.

"To ka cire masu wanki daga ciki. Wannan rubutun tun daga kamfani aka buga shi da haske. In maganinsu ya mutu, shi ma dushewa zai yi. Hotunan fa, masu duhu ne ko kana hango hannunka ta cikinsu?"

Na ce kamar babu komai a jiki, sai riguna kawai.

"Yunwar haske ce. Duba lambar ASA a saman kyamarar, nawa ta nuna?"

Na duba, 400. Fim ɗina kuma 200 ne. ASA shi ne abin da yanzu ake rubutawa ISO, wato yawan hasken da fim yake buƙata. Na bar ta a inda Baba ya bar ta shekarun baya, ma'aunin hasken kyamarar ya ɗauka fim ɗin da ke ciki rabin haske kawai yake so. Wannan kuskure na ɗaya. Na biyu, fararen rigunan. Baba ya ce ma'aunin nan ba shi da wayo, duk abin da aka nuna masa so yake ya mayar da shi tsaka-tsaki, ruwan toka. Da ya ga fari ya cika gaba sai ya ce haske ya yi yawa, ni kuma na bi koren digon da ke cikin madubin na rage. Riga ta koma toka, fuskar baƙin mutum kuma ta nutse gaba ɗaya.

Saura jan ratsin. Ya tambaya ko ratsin ya tsaya cikin hoton ne ko ya haura har kan hujojin gefe. Na ce ya haura. Ya ce in buɗe bayan kyamarar in shafa yatsa a wajen maƙalin murfin. Yatsana ya fito da wani baƙin abu mai danƙo kamar kwalta. Soson da ke tare haske ne ya narke saboda tsufa, rana tana shiga ta baya tana ƙona fim. Ya aika ƙanwar matar yayana ta sayo zaren ulu baƙi, irin na saƙar hular jarirai. Da tsinken sakace da ɗan sifirit na kankare tsohon soson, na tura zaren cikin kwarmin murfin sama da ƙasa, muka manna siririn ƙyallen baƙin karan-miski a wajen maƙalin. Kuɗin gyaran duka bai kai na kwanon amala ɗaya ba.

Sai da muka gama ya faɗi maganar da na riƙe. "Auta, kyamarar fim akwati ce mai duhu. Aikinta ta riƙe fim a miƙe, ta buɗe ta rufe a kan lokaci, kada haske ya shiga ta inda ba a gayyace shi ba. Fim ɗin da ke cikin ta abokinka shi ne a cikin taka." Na yi ta juya wannan magana a Micra har na iso makaranta. A waya ko kyamarar dijital, abin da ke kama hoton a jikin na'urar yake, in ka sayi mai araha ka sayi mai rauni ke nan har abada. A fim kuwa duk lokacin da ka sa sabo ka canza abin da ke kama hoton. Faɗin kowane hoto milimita 24 ne da 36, ko a Leica ko a Yashica. Abin da ya rage shi ne gilashi, da haske, da hannun mai ɗauka, da wanda ya wanke.

Sati uku ina zuwa gida duk Asabar ina ɗaukar karatu. Ga abin da na samu, ga duk mai so.

Na farko, lambobin da ke jikin gilashi, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, faɗin ƙofar haske ne. Ƙaramar lamba babbar ƙofa, kuma duk taki ɗaya ninki biyu ne na haske. Na saman kyamara kuma, 60, 125, 250, 500, saurin ƙiftawa ne, 250 tana nufin kashi ɗaya cikin 250 na daƙiƙa. Baba ya ce zamaninsu ko batiri ya mutu ba a fasa aiki, domin wannan kyamarar ma'auni kaɗai ke cin batiri. Ka sa saurin a lambar da ta fi kusa da ta fim ɗinka, fim 200 ka sa 250. Sannan ka kalli sama: rana ƙwal 16, rana da ɗan hazo 11, gajimare ya rufe 8, hadari ya haɗo 5.6, cikin inuwa 4. Ya ce da a cikin kwalin fim ma ake buga wannan jadawalin. Daga baya na ga Turawa suna da suna na musamman da suke kiran wannan ƙa'ida, shi dai Baba haddace ta ya yi kamar karatun allo.

Na biyu, in kana shakka ka ƙara haske. Fim mai launi irin na nagetif yana jure ƙarin taki ɗaya har biyu ba tare da ya lalace ba, amma in ka rage masa, abin da bai kama ba ya tafi, babu manhajar da za ta dawo da shi. Mu da yawancin waɗanda muke ɗauka baƙaƙe ne, wannan ya fi shafar mu. Dabarar Baba ita ce ka sa tafin hannunka a cikin hasken da ke kan fuskar mutumin, ka auna shi, sannan ka buɗe ƙofa taki ɗaya. Kuma ka daina tsayar da mutane a tsakiyar rana ƙarfe ɗaya, idanu su faɗa rami, goshi yana ƙyalli. Ka ja su gindin bishiya, ko ka jira bayan la'asar.

Na uku, gilashi. Na 50mm shi ne mafi araha a kusan kowane kamfani, kuma yana cikin mafi kaifi saboda ƙirarsa ba ta da sarƙaƙiya. In ka buɗe shi gaba ɗaya a 2 gefen hoton yakan yi laushi, amma daga 5.6 zuwa 8 sai ka yi da gaske kafin ka bambanta shi da mai tsada. Wani abin dariya, bakin da ake ɗaura gilashi a wannan Yashica iri ɗaya ne da na kyamarorin Contax masu tsada, har gilashin Zeiss yana hawa kanta. Babban abokin gabar gilashi a garin nan danshi ne. Ka haska fitilar waya ta cikinsa, in ka ga abu kamar saƙar gizo-gizo to fumfuna ce ta kama shi. Namu ya tsira da ɗan kaɗan a gefe. Yanzu cikin roba mai murfi nake ajiye shi, tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, kuma ina fito da shi ya sha iska da haske. In rana tana gabanka kuma, ka sa wani ya yi wa gilashin inuwa da hula ko littafi, launin zai fi kama jiki.

Na huɗu, hannu. Yawancin hoton da muke cewa bai yi kaifi ba, rawar hannu ce. Da gilashin 50mm kada ka sauka ƙasa da 60 in a hannu kake riƙe. Ka manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ka saki numfashi, ka danna a hankali kamar mai taɓa jariri. In wuri ya yi duhu ka ɗora kyamarar a kan tarin littattafai ka ja ɗan hannun da ke jinkirta ɗauka. Kuma in ka sa sabon fim, ka lura da maɗaurin nan na hagu da ake naɗe fim da shi. In kana ja ba ya juyawa, fim bai kama ba, iska kake ɗauka.

Na biyar, bayan an ɗauka. Zafi yana kashe launin fim, kada ka bar shi a taga ko cikin mota. Ka ce wa masu wanki su ba ka manyan fayil, kuma su turo a matsayin takarda, domin WhatsApp yana matse hoto in an tura shi kai tsaye. Uwa uba ka karɓi nagetif ɗinka. Shi ne asalin hoton, shi ne kuma shaidarka in rigima ta tashi tsakaninka da kyamara ko da mai wanki.

Fim na biyu na gwaji ne. Na ɗauki ƙaramin littafi, duk hoton da na ɗauka sai na rubuta lambarsa da ƙofa da sauri da yanayin sama. Na roƙi abokina mai Leica, shi ma ya sa Gold 200, muka zaga tare: gaban laburaren Kenneth Dike, bakin dam ɗin Awba, masu sayar da ayaba a Agbowo. Da hotuna suka dawo, 31 cikin 36 sun fito, babu ratsi ko ɗaya. Muka cakuɗa nawa da nasa muka nuna wa 'yan ɗaki a waya, kowa ya yi ta canki-canka, masu yi min dariya da yawa suka zaɓi nawa a matsayin na Leica. Ba zan yi ƙarya ba, tasa ta fi. Ba ta da ƙara, ta fi daɗin riƙewa, kuma da magariba da muka buɗe gilashi gaba ɗaya nasa ya fi nawa kaifi har gefe. Amma wannan bambancin bai kai in taɓa kuɗin furojet ba. Shi kansa ya kwafi jadawalin Baba a wayarsa.

A wannan tsakanin ne na ci karo da tarihin J.D. 'Okhai Ojeikere, mai hotunan kitson matan Najeriya da ake rataye su a manyan gidajen adana zane na duniya. Da ƙaramar kyamarar Brownie ya fara a 1950, kuma a nan Ibadan ya samu aiki a ɗakin wankin hoto na Ma'aikatar Yaɗa Labarai a 1954. Wato shekarunsa na farko a cikin duhu ya yi su yana kallon nagetif. Da na ba Baba labari sai ya ce, "Ai wanda bai iya karanta nagetif ba, danna maɓalli kawai yake yi."

Fim na uku na kai shi gida. Baba ya ɗauki mutanen Sabo ba iyaka, amma da muka bincika akwatin nan kaf, hotonsa shi kaɗai ɗaya muka samu, na fasfo. Na ce Baba yau kai za a ɗauka. Ya ce me za a yi da hoton makaho. Inna ce ta sa baki, ta fito masa da farar hular da yake zuwa Juma'a da ita. Na zaunar da shi a bakin ƙofa wajen ƙarfe biyar, inuwa ta sauko, bangon makwabta yana maido da haske. Na auna tafin hannuna. Kafin in yi magana ya ɗaga fuska sama kamar mai sansana iska ya ce, "Huɗu, a kan 125." Abin da na samu ke nan. Yayata ta riƙe farin mayafi daga gefen hagu don hasken ya cika masa kunci. Sau uku na danna. Na biyun shi ne wanda kuka gani, lokacin da Inna ta ce masa wani abu daga cikin gida yana ƙoƙarin danne dariya.

Na sa an buga shi babba a takarda na kai masa. Ya kawo shi dab da fuska, ya matsar, ya sake kawowa. Sai ya ce in cire gilashin daga jikin kyamarar in ba shi. Ya juya shi ya ɗora a kan idonsa na dama, wanda ya ɗan fi gani, yana bin hoton da shi a hankali kamar mai duba zinare. Ashe haka suke duba nagetif da. Ya daɗe a wajen hular. Ni dai ina tsaye, zuciyata tana bugawa fiye da ranar da ake liƙa sakamako. Can ya ce, "Zaren hular ya fito. Amma ka yanke min gwiwar hannu, gobe ka ja baya taki ɗaya." Inna ta ce tunda take da shi ba ta taɓa jin ya yabi hoton wani haka ba.

Shi kuma ɗan'uwan nan da na ɓata wa hoto da mahaifiyarsa, na kira shi na sake ba shi haƙuri. Ranar bikin yaye su zan ɗauke su, in sha Allahu, fim ɗin yana ajiye, kuma na ce masa duk da haka ya ɗauki na waya ya ajiye.

Don haka masu tambayar wace kyamara za su saya, kafin ku kashe ko sisi ku tambayi gida. Da yawanmu akwai Yashica ko Zenit ko Pentax a cikin akwatin wani kawu. Wanda ya samu ya kawo ta Sultan Bello ranar Lahadi bayan la'asar mu duba ta tare, ragowar zaren ulu yana nan, kyauta ne. Fim dai kowa ya sayi nasa.

Sannan ina roƙon addu'arku. An sa wa Baba ranar aikin ido a wata mai zuwa, za a fara da na dama. Na ajiye masa sauran hotuna biyun ban nuna masa ba, ina so ya gan su da kansa. Allah ya ba shi lafiya, ya ba duk marasa lafiyarmu, ya saka wa iyayenmu da alheri. Amin.